Ƙwaya Arba'in da Ɗaya

"Gobe dai Juma'a," in ji Gwaggo Gumsu. "Ko ba a gaya miki ba?"

Yagana ba ta ɗago ba. Tana zaune gindin randa da ƙwaryar ruwan tsamiya a gabanta, tana wanke 'yan kunnen azurfa da mahaifinta ya ƙera tun idonsa yana gani sosai. Daga asuba zuwa yanzu karo na huɗu ke nan ana tuna mata gobe Juma'a, sai ka ce duk Fagge ita kaɗai ce ba ta iya ƙirga kwana ba.

"Na sani, Gwaggo."

"Kin sani, amma kin zauna kina murzar ƙarfe kamar shi zai aure ki. Ana saukowa daga masallaci mutanen Alhaji Modu za su iso da goronsu. Mutum da rumbun fatarsa, da gidansa na soro a Kwaciri, ya yi miki haƙurin shekara guda cur. Wa yake yi wa bazawara haƙurin shekara guda a wannan zamani?"

"Ni ban ce ya jira ni ba."

"Ji bakinta! To wa kike jira? Mai cusa kai cikin baƙin ƙyalle?"

Yagana ta ci gaba da murzar 'yan kunnen. Da can takan mayar da magana, har ta yi kuka, har ta ƙi cin tuwo. Yanzu duk wannan ya ƙare mata. Ta gaji, irin gajiyar da ko barci ba ya ɗauke ta.

Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta na fari ta dawo gidan ubanta, shekara biyu kuma da Mala ya fara zuwa. Mala ba bare ba ne. Kakanninsu tare suka zo Kano daga Barno, ubansa dillalin dawaki ne da kowa ya sani a unguwa. Laifinsa ɗaya: ya bar sana'ar gidansu ya tafi Sabon Gari yana koyon ɗaukar hoto a wurin wani Ambrose. Tun bayan rikicin da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari shekara biyu baya, duk wanda ya tsallaka can kullum safiya, dattawan unguwa da gefen ido suke kallonsa.

Sau uku Mala yana zuwa neman izini. Na farko mahaifinta, Baba Ari, ya ce a bar shi ya yi tunani. Na biyu ya ce bai gama tunanin ba. Na uku, ranar Lahadin da ta wuce, Yagana tana laɓe bayan asabari ta ji komai.

"An ce kana da sana'a," Baba Ari ya ce. "Ni a sanina sana'a ita ce mai barin kanta a tafin hannu. Kai kuwa inuwar mutane kake kamawa kana sayar musu. To ba komai. Riƙe wannan."

Munduwar azurfa ce mai kauri, mai kawuna biyu masu santsi kamar ƙwan kurciya, jikinta kuma an jera wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana kamar gero. Ita ce ta ƙarshe da ya ƙera. Shekara uku ke nan da yanar ido ta fara rufe masa gani. Abin da ya wuce tsawon hannu sai dai ya ga inuwarsa, ƙyallin azurfa kuma hawaye yake sa shi. Rabin aikin munduwar nan da laluben yatsa ya yi shi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa daga ita ya ajiye awartaki.

"Ban gaya maka ƙwayoyin nan nawa ba ne. Ka kawo min hotonta wanda zan ƙirga su a ciki da wannan idon nawa. Safiyar Juma'a. In na ƙirga suka cika, ka turo manyanka. In ba su cika ba, kada ka sake yi min sallama a kan wannan magana."

Duk wanda ya ji ya san sallamar mutunci ce aka yi wa Mala. Baba Ari ya sha ganin hotunan amare sanye da kayan da ya ƙera, bai taɓa ganin azurfa ta fito a hoto ba sai fari fat, kamar an ɗiga farar ƙasa. Gwaggo Gumsu, yayarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar uwar Yagana, har guɗa ta kusa yi ranar.

Ita Yagana ba ta iya zuwa ta roƙi ubanta ba. 'Yar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa tsayawa ya ƙare wa fuskarta kallo ba. "Ke" yake cewa, ko "yarinyar nan". Ita ma in ta durƙusa gabansa kanta a ƙasa yake har ta tashi. Duk abin da take son ya ji sai ya bi ta bakin Gwaggo, kuma kowa ya san yadda magana take fitowa in ta bi ta nan.

Ta tsane 'yan kunnen, ta zubar da ruwan tsamiyar, ta ɗauko mayafinta.

"Ina zuwa?"

"Dubiya, Gwaggo. Ƙawata Yakaka ba ta da lafiya."

Ƙarya ce, kuma ba ta ji ko ɗar ba da ta yi ta. Wannan ma ya ba ta tsoro kaɗan.

*

Veronica, matar Ambrose, tana kan keken ɗinki a baranda ta hango ta. Sun san juna tun kafin rikici, lokacin da takan kawo gyaran 'yan kunne Fagge.

"Yagana! Kai ne? Shigo, shigo da sauri. Wannan Mala naka zai kashe kansa. Kwana huɗu bai ci abinci mai kyau ba, sai shayi, sai shayi."

Ta ja ta zuwa ɗakin ɗaukar hoto, ita ma ta tsaya a bakin ƙofa don kada a ce an bar su su biyu. A bango akwai labulen da aka zana wa gidan sama da jirgi, inda 'yan birni ke tsayawa su yi kamar nasu ne. Manyan fitilun lantarki biyu suna ci, ɗakin ya ɗau zafi kamar maƙera. Munduwar tana kan tebur tana ta walƙiya. Mala yana zaune a ƙasa, hotuna a warwatse kewaye da shi.

Da ya gan ta ya miƙe zumbur.

"Me ya kawo ki nan? In wani ya gan ki fa?"

"An gan ni ko ba a gan ni ba, na dai zo. Nuna min."

Bai so ba, amma ya tattaro su. Idanunsa sun yi ja, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Wannan da ƙwan walƙiya na ɗauka. Kin gani, kamar an kifar da kindirmo a kan takarda. Wannan da fitilun nan biyu, babu komai a jikinta sai fitilun. Na rage ɗaya, na ɗaga ɗaya, na kai su baya, duk ɗaya. Wannan kuma na ce bari in matso sosai da gajeren gilashin kyamara ko ƙwayoyin za su fito. Duba. Ga ni nan ni da akwatina baƙi ƙirin a jikinta, mun cinye rabinsu, gabanta kuma ya kumbura kamar ba ita ba."

Ya zubar da su ƙasa.

"Abin nan madubi ne, Yagana. Duk abin da ka sa a gabansa shi yake nuna maka. Baba ya san abin da yake yi."

"Saura nawa?"

"Fim ɗin babban akwati? Ɗaya. Sai wata mai zuwa za a kawo daga Ikko."

Ya juya mata baya yana gyara abin da bai lalace ba a jikin kyamarar.

"Na yi tunani," ya ce. "Alhaji Modu ba mugun mutum ba ne. Ba za ki wahala ba. Ni shekara biyu na tsare ki, ban kawo miki komai ba sai surutun unguwa. Gobe zan mayar wa Baba kayansa in ba shi haƙuri."

Ta zaci hawayenta sun ƙafe tuntuni. Ashe da saura.

"Mala, ka san abin da nake ji kullum a gidan can? Ka san sau nawa ake kiran sunanka a yini, kuma da wace irin murya? Ban taɓa cewa ka ba ni haƙuri ba. Na ce ka tsaya. Yau saura kwana ɗaya, ni na yi ƙarya na tsallako Sabon Gari da ƙafata, kai kuma ka tarbe ni da yabon Alhaji Modu?"

"To ya kike so in yi? Wallahi na yi iyakar abin da na sani."

"Na yarda. Abin da ka sani ne ya ƙare."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta matsa kusa da teburin. Ƙyallin ya soki idonta har sai da ta kare da hannu. Shekara goma sha tana wanke wa ubanta azurfa, ba ta taɓa ganin an azabtar da ita haka ba.

"Kashe fitilun nan."

"In na kashe da me zan ɗauka?"

"A ina ka taɓa ganin maƙerin fari ya duba aikinsa da fitila? Ko a rana? Baba bakin zaure yake zama da hantsi, inda inuwa take, ya ja hannun farar rigarsa ya yi mata rumfa. Ka ce madubi ce. To ka ba ta farin abu ta kalla mana, ka daina ba ta wuta."

Mala ya tsaya yana kallonta, baki a buɗe.

"Allah ya yi miki albarka," wata murya ta ce daga baya. Ambrose ne, dattijo mai furfura a gefen kunne, wanda ya shekara ashirin da biyar a Kano har Hausarsa ta fi ta matarsa nesa ba kusa ba. "Ni mutane na iya ɗauka, ban taɓa ɗaukar ƙarfe ba. Na ce masa ya ƙara fitila. Ashe ni na ɓatar da shi."

Ya shiga ciki ya fito da wani ƙunshi a tsumman ulu. Dogon gilashinsa ne, wanda yake ɗaukar manyan mutane da shi, wanda shekara huɗu bai taɓa bari Mala ya ko shafa ba.

"Sa wannan. Da shi ba sai ka hau kanta ba. Ka tsaya can nesa, ka ja wuyan akwatin har ƙarshe, za ta zo maka da girmanta ba kumburi, kai kuma ba za ka fi ɗigon ƙuda a jikinta ba."

Suka kwashi tebur zuwa bayan gida, gindin katanga inda rana ba ta kai ba tukuna. Veronica ta kawo farin yadin akoko na ɗinkin wata, ta ce in ya yi datti Mala ne zai wanke. Suka ɗora kujeru biyu a kan teburin suka lulluɓe su, ya zama 'yar rumfa, suka bar kafa a gaba daidai idon kyamara. Yagana ta shimfiɗa baƙin saƙi a ciki. Sannan ta nemi fitilar kananzir, ta lakato baƙin jikin kwalbar da ɗan yatsa, ta shafa tsakanin ƙwayoyin, ta goge samansu da gefen zanenta.

"Haka Baba yake yi in zai nuna wa mai saye," ta ce.

Mala ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, taku huɗu daga teburin, ya ja wuyanta mai kama da zugazugi, ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen da Gwaggo ta tsana. Ya daɗe a ciki.

"Ƙyallin ya tafi," muryarsa ta fito a daƙushe. "Ya tafi gaba ɗaya! Amma ƙwayoyin sun kwanta. Duk sun zama abu ɗaya, ba a raba su."

"Don ba su da inuwa. Ba a ƙirga ƙwaya sai kowace ta sami 'yar inuwarta."

Ta zaga gefen hagu, ta ɗage akokon kamar faɗin tafin hannu. Haske ya shigo ta gefe, a kwance.

"Tsaya nan! Kada ki ƙara, kada ki rage. Yagana, ga su nan! Ga su nan ɗaya bayan ɗaya!"

Iska tana kaɗa yadin, don haka Veronica ta danne ɗaya gefen. Ambrose ya ciro agogon aljihu. Mala ya matse ƙofar gilashin har ta koma kamar kafar allura, don gaba da bayan munduwar su fito tare, ya zura fim ɗin ƙarshe.

"Sai an ƙirga goma sha biyu. Kowa ya riƙe numfashinsa."

Yagana ta riƙe. Ta dafe gwiwar hannunta da ɗayan don kada yadin ya motsa. Kanta yana sunkuye daidai kafar da ta buɗe, tana kallon aikin ƙarshe na ubanta a kwance cikin farin haske, ba ta taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Ba ta motsa ba har Ambrose ya ce ya isa.

*

Wankin hoton ya ɗauki lokaci. Ta yi azahar a ɗakin Veronica, aka kawo mata shinkafa ta kasa ci. Can Mala ya fito da takarda mai faɗin faifai, tana ɗigar ruwa. Ba ya murmushi.

Munduwar ce, ta ninka girmanta sau biyar, kowace ƙwaya zaune da inuwarta. Har ɗan wurin da magagarin goge ƙarfe ya zame wa Baba ya fito.

"Ai ta yi!" in ji Veronica. "Me ya sa ka ɓata fuska?"

Ya sa yatsa a kan ɗaya daga cikin kawunan masu santsi, na hagu. Duk jikinsa fari ne, sai wata 'yar tsaga. A cikin tsagar akwai fuskar mace kamar girman babban yatsa, da ɗaurin kallabinta, da tsagen Barebari a kumatunta. Ko makaho aka ba labari zai ce Yagana ce.

Yagana ta ja da baya. Ta zauna a kan benci.

"Ni ne da laifi," Mala ya ce. "Na ga ƙwayoyin na manta da komai. Ni da na gaya miki madubi ce."

"Ba abin tashin hankali ba ne," in ji Ambrose. "Kullum muna cire wa mata ƙuraje. A kawo fim ɗin, in bi wurin da fensir, kafin la'asar babu wanda zai san an taɓa yin mutum a nan. A sake wankewa."

"Haka za a yi," Mala ya ce da sauri. "In Gwaggo ta ga wannan, ba ni kaɗai na rasa ki ba, sunanki ma ya tafi. Masta, ga fim ɗin."

Yagana tana kallon 'yar fuskar. Sai ta tuna da bayan asabari, da saƙon da ita da Mala suke aika wa juna ta bakin mai tallan fura, da Yakaka da ta ɗora wa ciwon ƙarya yau da safe. In an goge, gobe za ta sake laɓewa ta ji ana yaba wa Mala shi kaɗai, ta koma gida da wata ƙaryar a kan ta jiya, ta riƙe ta har ta mutu.

"A bar shi."

"Me kika ce?"

"Na ce a bar shi yadda yake."

"Yagana, kin san abin da kike faɗa? Sharaɗin ya cika. Saura kawai mu…"

"Shekara biyu ina ɓuya kamar wadda ta yi sata. Ban saci komai ba, Mala. Bazawara ce ni, na zo da rana tsaka, a gaban matar aure da mijinta, na riƙe yadi. In Baba zai ba ka ni, ya ba ka yana sane da inda ƙafata ta taka. In zai hana, ya hana a kan gaskiya. Ni dai na gaji. Wallahi na gaji."

"In ya kore mu duka fa?"

"To sai mu san an kore mu."

Ya roƙe ta. Ya haɗa ta da Allah, ya haɗa ta da darajar mahaifiyarta. Har da hawayensa, namiji guda, a gaban maigidansa. Ta ɗauki munduwar ta goge baƙin fitilar tas, ta miƙa masa, ta yafa mayafinta.

"In ka kawo wanda aka goge, zan sani," ta ce. "Kuma ni zan faɗa da bakina."

*

Da hantsin Juma'a Mala ya yi sallama. Baba Ari yana zaune a bakin zaure inda ya saba, a kan buzunsa. Gwaggo Gumsu ba ta ko yi kunyar laɓewa ba, ta jawo kujera ta zauna a ƙofar ciki. Yagana tana bayanta, bayan asabari.

Mala ya durƙusa, ya ajiye munduwar, ya ajiye hoton. 

Tsohon ya fara lalubar munduwar, ya tabbatar ita ce. Sannan ya zaro gilashinsa mai ƙara girman abu daga aljihu, wanda wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa na Kantin Kwari, ya ba shi da daɗewa, ya ɗaga hoton har kusa da hancinsa. Yana shirin yin dariya ne, kowa ya ga alama. Dariyar ba ta zo ba.

"Ɗaya," ya ce a hankali. "Biyu. Uku."

Takarda ba ta ƙyalli, ba ta sa shi hawaye. Yatsansa mai kanta yana bin layin, yana tsayawa, yana ci gaba. A ta goma sha bakwai ya dakata.

"Nan magagari ya zame min. Na ji a hannuna, ban taɓa gani ba."

 Ya ci gaba. Gwaggo tana ta gyara zama kamar kujerar ta yi ƙaya.

"Talatin da tara. Arba'in. Arba'in da ɗaya."

Ya sauke numfashi. Yagana ta ga gilashin bai sauka ba. Ya wuce ƙwaya ta ƙarshe, ya gangara kan santsin hagu, ya tsaya.

Ya tsaya ƙwarai.

"Mene ne?" in ji Gwaggo. "Ari, mene ne ka gani? Ba ni nan."

Ba ta jira ba, ta miƙo wuya ta kafaɗarsa. Idonta ras yake, ba ta bukatar gilashi.

"La'ilaha illallahu! Dubiya! Dubiyar ke nan! Ari, ka ga abin da nake gaya maka? 'Yarka a Sabon Gari, a ɗakin masu hoto! Kai kuma munafuki, ka rasa abin da za ka kawo mana sai shaidar abin kunyarmu?"

"Wa ya riƙe maka rumfar?" Baba Ari ya tambaya, bai ɗago ba. "Wannan hasken ba naka ba ne. Na maƙera ne."

Mala ya buɗe baki. Kafin ya yi magana Yagana ta ɗage asabarin ta fito, ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Ni ce, Baba. Ni na je da ƙafata, bai kira ni ba. Ya so a goge ni daga ciki, na hana."

"Kun ji ko! Ko kunya babu! Ari, yau ɗin nan, ana saukowa daga masallaci…"

"Yaya, dakata."

Bai taɓa katse ta ba. Ta yi shiru don mamaki, ba don biyayya ba.

Bai juya wajen 'yarsa ba. Ko ya juya, inuwa zai gani a durƙushe, kuma ba a sa wa 'yar fari gilashi a fuska. Hoton ya ci gaba da kallo, ya matso da shi, ya karkata shi wajen haske. Shekara ashirin da shida, yau ne ya sami damar kallon fuskar nan yadda ransa yake so, ba tare da kowa ya ce ya yi rashin ta-ido ba. Ya daɗe yana kallonta.

"Yarinyar nan ta rame," ya ce.

"Baba, ai azurfar ce," Mala ya yi saurin cewa. "Takan canja kamannin mutum."

"Ni za ka gaya wa azurfa? Shekara arba'in ina ganin fuskata a kan munduwa. Kumbura fuska take yi. Siriri ya leƙa, ya fito da kumatu." Ya sake matso da hoton. "Wadda ta leƙa ta fito haka, me ya rage a jikinta? Yaya, a gidana take kwana. Kullum kina ce min lafiyarta ƙalau."

Gwaggo Gumsu ta kawar da kai gefe.

Yagana ta ji hawaye suna ɗiga a bayan hannunta. Ba ta share ba.

Tsohon ya ajiye gilashin, ya goge idonsa da hannun riga.

"Zuwa Sabon Gari ban ji daɗinsa ba, ba kuma zan ce na ji ba. Ƙaryar dubiya ta fi shi ciwo. Wannan tsakanina da ita ne." Ya shafa munduwar. "Ƙwaya dai arba'in da ɗaya na sa, arba'in da ɗaya na ƙirga. Yaya, a aika gidan Alhaji Modu tun kafin su sayi goro. Ni zan je da kaina in ba shi haƙuri bayan salla. Kai kuma ka turo manyanka."

Mala ya kifa goshi a ƙasa yana godiya, maganar tana sarƙe masa. Da zai tashi ya miƙa hannu zai ɗauki hoton, wai ya kai a sa masa katako da gilashi.

Baba Ari ya dafe shi da tafin hannu.

"Bar min kayana."

Gwaggo ta tashi fuu ta shige ciki, tana faɗa wa tukwane abin da ta kasa faɗa wa ƙanenta. Yagana ta bi bayanta a hankali. Ta zaci in ranar nan ta zo za ta yi tsalle, ko ta yi dariya, ko ta ruga ta gaya wa Yakaka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna gindin randa ta jingina da bango, daga nan tana hango zaure ta tsakanin karan asabari. Ubanta ya sake ɗaukar gilashin. Ba ƙwayoyin yake ƙirgawa ba.

Tana kallonsa har barci ya ɗauke ta a zaune, da rana tsaka, Gwaggo tana ta faɗa a kanta.